Bankin Ƙasa a Farkon Jamhuriyar Amurka: Asalinsa da Abin da Ya Haifar

Bankin ƙasa na farko a Amurka ya fara aiki a birnin Filadelfiya ranar 12 ga Disamba, 1791, ƙasa da shekara uku bayan George Washington ya zama shugaban ƙasa na farko. Majalisar dokoki ce ta ba shi lasisin shekara 20, gwamnati ta mallaki kashi ɗaya cikin biyar na jarinsa, sauran kuwa na 'yan kasuwa ne. Sau biyu Amurkawa suka kafa irin wannan banki, a 1791 da 1816, kuma sau biyu suka bar shi ya mutu, a 1811 da 1836. Ta fuskar kuɗi bankin ya yi aikin da aka kafa shi dominsa. Siyasa ce ta kayar da shi, domin tun ranar farko jama'a ba su yarda da juna ba a kan wanda ya kamata ya riƙe linzamin kuɗin ƙasa, da kuma iyakar ikon gwamnatin tarayya.

Bashin yaƙi da kuɗin da ba su da daraja

Amurka ta fito daga yaƙin neman 'yanci a 1783 da nasara a kan Birtaniya, amma aljihunta wayam. A lokacin yaƙin, majalisar da ke jagorantar jihohi 13 ba ta da ikon ɗora haraji, sai dai ta roƙi jihohi su kawo gudummawa, su kuma sau da yawa su yi kunnen uwar shegu. Da hanya ta ƙare, sai majalisar ta dinga buga takardun kuɗi ba tare da zinariya ko azurfar da za ta tsaya musu ba. Kafin 1781 takardun sun zama abin ba'a, mai kanti ba ya karɓarsu, manomi ba ya sayar da hatsinsa da su. Sojojin da aka sallama da takardun alkawarin biya suka sayar da su ga dillalai a kan araha don su samu na sawa a bakin salati.

A kasuwa kuwa, tsabar kuɗin ƙasashen waje ne ke yawo, musamman dalar azurfa ta Sifaniya. Bankuna uku kacal ake da su a faɗin ƙasar: wanda Robert Morris ya assasa a Filadelfiya a 1781, da guda biyu da aka buɗe a New York da Boston a 1784. Dukkansu ƙanana ne, harkarsu ba ta wuce garuruwansu ba.

Sabon kundin tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 ya ba gwamnatin tarayya ikon ɗora haraji, da cin bashi, da buga tsabar kuɗi. A watan Satumba na 1789 Washington ya naɗa Alexander Hamilton, wanda ya yi masa hidima a fagen fama, sakataren baitulmali. A rahoton da ya kai majalisa a Janairun 1790, Hamilton ya ƙiyasta cewa ana bin tarayya kimanin dala miliyan 54, jihohi kuma kusan miliyan 25. Ya ba da shawarar a biya bashin cif-cif, kuma tarayya ta ɗauke wa jihohi nasu. Jihohin kudu irin su Virginia, waɗanda suka riga suka rage nasu bashin, ba su ji daɗin haka ba. An sasanta ne da alkawarin cewa za a gina sabon babban birnin ƙasa a gaɓar kogin Potomac, kusa da kudu.

Tsarin da Hamilton ya shimfiɗa

A watan Disamba na 1790 Hamilton ya sake komawa majalisa da shawarar kafa bankin ƙasa. Bankin Ingila, wanda aka kafa tun 1694, shi ne madubinsa, domin ya ga yadda ya ba gwamnatin Birtaniya damar cin bashi mai sauƙin ruwa tana yaƙe-yaƙenta. Ya lissafa amfanin da za a samu: wurin ajiye kuɗin haraji, mai ba gwamnati rance idan ta shiga matsi, hanyar tura kuɗi daga wannan jiha zuwa waccan, da takardun kuɗin da za a karɓa ko'ina a ƙasar.

Jarin bankin dala miliyan 10 ne, an kasa shi hannun jari 25,000, kowanne dala 400. Gwamnati ta ɗauki na dala miliyan 2, ta biya da rancen da bankin kansa ya ba ta, tana mayarwa kashi-kashi cikin shekara goma. 'Yan kasuwa kuma aka ce su biya kashi ɗaya cikin huɗu da zinariya ko azurfa, sauran kashi ukun da takardun lamunin gwamnati. A nan dabarar take. Duk mai son shiga bankin dole ya nemi takardun bashin gwamnati, sai farashinsu ya tashi, sai kuma attajirai su wayi gari dukiyarsu ta ɗauru da rayuwar sabuwar gwamnatin. An kuma gindaya sharuɗɗa: ruwan rance kada ya wuce kashi 6 cikin ɗari, bankin ba zai shiga fataucin kaya ba, baitulmali na da ikon duba lissafinsa, kuma baƙin da suka sayi hannun jari daga ƙasashen waje ba su da ƙuri'a wajen zaɓen daraktoci 25 da za su tafiyar da shi.

Gardama a kan kundin tsarin mulki

Majalisar dattawa ta amince da ƙudurin ba tare da wata wahala ba. A majalisar wakilai James Madison, ɗaya daga cikin manyan marubuta kundin tsarin mulkin, ya tashi ya ce babu inda kundin ya ba majalisa ikon kafa kamfani ko banki. Ƙudurin ya wuce ranar 8 ga Fabrairu, 1791, da ƙuri'a 39 da 20. Kusan duk masu adawar 'yan kudu ne, yankin manyan gonaki da ake nomawa da bayi, inda masu ƙasa suka saba da ɗacin bashin 'yan kasuwar Landan, suke kuma kallon banki a matsayin kayan aikin attajiran birane na arewa.

Washington bai yi gaggawar sa hannu ba. Ya nemi ra'ayin Thomas Jefferson, sakataren harkokin waje, da Edmund Randolph, antoni janar, dukkansu suka ce ƙudurin ya saɓa wa kundi. Hujjar Jefferson ita ce, duk ikon da ba a ambata a matsayin na tarayya ba, na jihohi ne da jama'a. Kundin ya halatta wa majalisa yin dokokin da suka zama wajibi kuma suka dace wajen aiwatar da ikonta, amma a ganinsa wajibi shi ne abin da aiki ba ya yiwuwa sai da shi, kuma ana iya karɓar haraji ba tare da banki ba. Ya yi gargaɗin cewa idan aka ƙetare wannan iyaka da taki ɗaya, babu sauran shingen da zai tare gwamnatin tarayya.

Hamilton ya mayar da martani a rubuce cikin 'yan kwanaki. Ya ce duk gwamnati mai cikakken iko tana da damar zaɓen hanyar da za ta kai ta ga manufar da aka halatta mata, muddin ba a haramta hanyar ba. Tunda an ba ta ikon haraji da bashi da kula da ciniki, banki kuwa yana sauƙaƙa duka ukun, to yana cikin ikonta ko da ba a ambaci sunansa ba. Washington ya karɓi wannan hujja, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 1791. Daga wannan saɓani da makamantansa ne jam'iyyun siyasa biyu na farko suka tsiro: ta masu son tarayya mai ƙarfi a bayan Hamilton, da ta Jefferson da Madison mai kare ikon jihohi da manoma.

Yadda bankin ya gudana

Ranar 4 ga Yuli, 1791, aka fara sayar da takardun kama hannun jari, kowacce dala 25, kuma kafin rana ta yi nisa sun ƙare. Cikin 'yan makonni farashinsu ya doshi dala 300, sannan ya faɗo. A watan Maris na 1792 aka shiga ruɗani mafi girma, lokacin da William Duer, tsohon mataimakin Hamilton, ya kasa biyan ɗimbin bashin da ya ci don ya mamaye kasuwar takardun lamuni. Ya ƙare a kurkukun masu bashi, ya ja mutane da yawa ƙasa tare da shi. Hamilton ya sa baitulmali ta sayi takardun gwamnati don tallafar farashi, ya kuma lallashi bankuna su ci gaba da ba da rance, har kasuwa ta lafa. A watan Mayu na wannan shekara dillalai 24 suka ƙulla yarjejeniyar da ake ɗauka a matsayin tushen kasuwar hannun jari ta New York.

Bayan wannan gargada bankin ya daidaita a ƙarƙashin shugabansa na farko, Thomas Willing. Ya buɗe rassa takwas, daga Boston da New York da Baltimore da Charleston a 1792 har zuwa New Orleans a 1805. Kafin ƙarshen 1795 ya ranta wa gwamnati fiye da dala miliyan 6. Masu hannun jari suna samun ribar kusan kashi 8 cikin ɗari a shekara.

Babban tasirinsa ya zo ta wata hanyar da ba a rubuta a dokarsa ba. A wancan zamani kowane bankin jiha yana buga takardun kuɗinsa, bisa alkawarin cewa duk wanda ya kawo takarda za a musanya masa da zinariya ko azurfa. Ɗan kasuwan da jirginsa ya sauka a Baltimore zai biya kuɗin fito da takardun wani bankin garin. Jami'in kwastan zai kai su reshen bankin ƙasa. Ma'ajin reshen kuma zai ɗaure su, ya aika da su bankin da ya buga su, ya ce a ba shi tsaba. Bankin da ya buga takardu fiye da abin da ke rumbunsa zai ji jiki a wannan rana. Tsoron wannan ziyara ya sa ƙananan bankuna taka-tsantsan, ya kuma sa suka tsani babban.

Mutuwar farko

Da lasisin ya kusa ƙarewa a 1811, jam'iyyar Jefferson ce ke mulki, Madison ne shugaban ƙasa. Sakataren baitulmali Albert Gallatin, duk da kasancewarsa ɗan wannan jam'iyya, ya nemi a sabunta lasisin saboda ya ga amfanin bankin da idonsa. Sai dai maƙiyan sun yi yawa. Akwai masu riƙe da tsohuwar hujjar kundin tsarin mulki, akwai bankunan jihohi masu kwaɗayin ajiyar gwamnati, akwai kuma masu ƙorafin cewa kimanin 18,000 daga hannun jari 25,000 suna hannun baƙi, akasari Ingilishi, a daidai lokacin da dangantaka da Birtaniya ta yi tsami. Gwamnati ma ta riga ta sayar da nata kason tun 1802. A majalisar wakilai aka jingine maganar da ƙuri'a 65 da 64. A majalisar dattawa aka yi kunnen doki, 17 da 17, sai mataimakin shugaban ƙasa George Clinton ya jefa tasa a ɓangaren masu ƙi. Wani attajirin Filadelfiya, Stephen Girard, ya saye ginin ya buɗe bankin kansa a ciki.

Shekara guda bayan mutuwar bankin yaƙi ya ɓarke da Birtaniya. Gwamnati ta rasa mai ba ta rance cikin sauƙi, bankunan jihohi suka fi ninki biyu cikin 'yan shekaru, kowanne yana buga takardu son ransa. Da sojojin Birtaniya suka ƙona gine-ginen gwamnati a Washington a watan Agusta na 1814, bankunan da ke wajen yankin arewa maso gabas suka daina biyan tsaba. Kuɗin harajin da aka tara a wata jiha ya ƙi karɓuwa a wata. Madison, wanda ya yaƙi bankin farko, shi ne ya sa hannu a dokar kafa na biyu ranar 10 ga Afrilu, 1816.

Banki na biyu da hukuncin Kotun Ƙoli

Sabon bankin ya fi na farko girma nesa ba kusa ba. Jarinsa dala miliyan 35, gwamnati na da kashi ɗaya cikin biyar, shugaban ƙasa kuma yana naɗa daraktoci 5 daga cikin 25. Ya fara da ƙafar hagu. A ƙarƙashin shugabansa William Jones, rassan yamma da kudu suka dinga ba da rance barkatai ga masu cinikin filaye, a reshen Baltimore kuma manyan ma'aikata suka wawure kuɗi. Da farashin auduga ya karye, bankin ya shiga karɓar bashinsa da ƙarfi, musamman bayan Langdon Cheves ya karɓi ragama a 1819. Bankin ya tsira, amma gonaki da gidaje da shaguna masu yawa suka salwanta a karayar tattalin arzikin wannan shekara, kuma mutanen yamma ba su manta ba.

Wasu jihohi suka yi yunƙurin korar rassan ta hanyar haraji. Maryland ta ɗora harajin dala 15,000 a shekara a kan duk bankin da ba ita ta ba shi lasisi ba, ma'ajin reshen Baltimore, James McCulloch, ya ƙi biya. A watan Maris na 1819 Kotun Ƙoli a ƙarƙashin John Marshall ta yanke hukunci da murya ɗaya. Ta ce majalisa na da ikon kafa banki, bisa hujja irin ta Hamilton, kuma jiha ba ta da ikon ɗora wa hukumar tarayya haraji, domin mai ikon ɗora haraji yana da ikon rusawa. Har yau wannan hukunci yana cikin ginshiƙan dokar Amurka, ana kafa hujja da shi a batutuwan da ba su da alaƙa da banki.

Jackson da Biddle

Daga 1823 Nicholas Biddle ya shugabanci bankin, ya tafiyar da shi da ƙwarewa. Rassansa suka kai kusan 25, takardunsa suna karɓuwa daga gabas har yamma, yana sassauta rance ko ya matse shi gwargwadon halin kasuwa, kusan yadda manyan bankunan ƙasashe ke yi a yau. Bambancin shi ne wannan iko yana hannun kamfani mai neman riba, wanda talakawa ba su zaɓa ba, wanda kuma yake ba 'yan majalisa da masu jaridu rance.

Andrew Jackson, wanda ya ci zaɓen 1828, bai yarda da takardun kuɗi ba, bai yarda da bankuna ba, ya kuma ɗauki na Biddle a matsayin barazana ga mulkin jama'a. Bisa shawarar sanatoci Henry Clay da Daniel Webster, Biddle ya nemi sabunta lasisi a 1832, shekara huɗu kafin ya ƙare, da tunanin cewa Jackson ba zai yi kasadar ƙi ba a shekarar zaɓe. Majalisun biyu suka amince. Ranar 10 ga Yuli Jackson ya hau kujerar na ƙi. A saƙonsa ya ce bankin gata ne da doka ta keɓe wa masu hannu da shuni da baƙi, a kan manoma da leburori da masu sana'ar hannu, kuma hukuncin kotu bai hana shugaban ƙasa fahimtar kundi da kansa ba. A zaɓen da ya biyo baya ya doke abokin takararsa Clay da ƙuri'un wakilan zaɓe 219 da 49.

A 1833 Jackson ya ba da umarnin a daina ajiye kuɗin gwamnati a bankin. Sakataren baitulmali William Duane ya ƙi, aka sallame shi, Roger Taney ya aiwatar, aka rarraba ajiyar a zaɓaɓɓun bankunan jihohi. Biddle ya rama da matse rance don jama'a su ji zafi su tilasta wa gwamnati, sai hakan ya tabbatar wa mutane da yawa abin da Jackson ke faɗa game da haɗarin bankin. Majalisar dattawa ta yi Allah wadai da Jackson a 1834, masu adawa da shi suka dunƙule suka kafa jam'iyyar Whig. Lasisin ya ƙare a 1836. Bankin ya ci gaba da lasisin jihar Pennsylvania har ya karye a 1841.

Bayan rushewa

A tsakiyar shekarun 1830 rance ya yi yawa, cinikin filayen gwamnati ya haukace. A 1836 Jackson ya ce daga yanzu sai da zinariya ko azurfa za a sayi filin gwamnati. A daidai wannan lokaci Bankin Ingila ya ƙara kuɗin ruwa, farashin auduga ya sauka. A watan Mayu na 1837 bankunan New York suka daina biyan tsaba, sauran suka bi sahu, ƙasar ta faɗa matsin da ya kai har farkon shekarun 1840. Masana tarihi sun rabu a kan gwargwadon laifin Jackson da na abubuwan da suka faru a ƙetare, amma babu wata hukuma a lokacin da za ta tsaya wa bankuna.

Daga 1846 gwamnati ta koma ajiye kuɗinta a rumbunanta. Jihohi da dama suka buɗe ƙofa ga duk wanda ya cika sharuɗɗa ya kafa banki. Dubban nau'o'in takardun kuɗi suka cika kasuwa. Mai kanti yakan ajiye wata mujalla a gefen akwatin kuɗinsa, idan baƙo ya miƙo takardar dala biyar sai ya buɗa ya duba ko bankin yana raye, ko takardar jabu ce, da kuma nawa za a zaftare saboda nisan garin da aka buga ta. Yaƙin basasa ne ya kawo ƙarshen wannan hali. Dokokin 1863 da 1864 suka samar da bankuna masu lasisin tarayya da takardun kuɗi iri ɗaya, harajin kashi 10 cikin ɗari da aka zartar a 1865 kuma ya kashe takardun bankunan jihohi.

Abin da gwajin ya bari

Bankunan biyu sun taimaka wajen mayar da ƙasar da ba a yarda a ba ta bashi ba zuwa wadda attajiran Turai ke rububin takardunta. Sun haɗa kasuwannin jihohi, sun kuma nuna cewa takardar kuɗi tana riƙe darajarta idan akwai mai sa ido a kan masu buga ta. A fagen doka sun bar fahimtar cewa gwamnatin tarayya tana da ikon da ba a jera shi ƙarara a kundi ba. A fagen siyasa sun taimaka wajen raba ƙasar zuwa jam'iyyu har sau biyu, rikicin Jackson kuma ya ƙara wa ofishin shugaban ƙasa ƙarfi a gaban majalisa.

Rauninsu shi ne haɗa aikin hukuma da neman ribar masu hannun jari a wuri guda, abin da ya ba maƙiyansu hujjar da talaka ke fahimta. Amurka ta shafe shekara 77 ba ta da babban banki. Sai bayan ruɗanin kuɗi na 1907 aka dawo kan maganar, kuma da shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar kafa Federal Reserve ranar 23 ga Disamba, 1913, an kauce wa banki guda a birni guda. An raba aikin tsakanin bankunan yankuna 12, aka ɗora musu hukumar sa ido a Washington wadda shugaban ƙasa ke naɗa mambobinta da amincewar majalisar dattawa.